Haila, Jego da Lafiyar Ƙwaƙwalwar Mata a Ƙasar Kura da Bunkure

Ciwon da ke taɓa tunanin mace a lokutan da jikinta ke sauyawa, wato kwanakin gabanin haila, watannin juna biyu da zaman jego, tsoho ne a ƙasar Hausa, sai dai yadda ake fassara shi ya sha canzawa. A yankin Kura, Bunkure da Garun Malam, kudu da birnin Kano, hanyoyi uku ne suka biyo juna: ta 'yan bori da bokaye, ta malamai, sannan ta asibiti. Babu wadda ta share wadda ta gabace ta. Har gobe akan ga iyali guda sun fara da tofi, sun koma hayaƙi, kafin su ɗauki marar lafiya zuwa wurin likita. Abin da hanyoyin uku suka daɗe suna tarayya a kai shi ne sun fi ganin ciwon da ya fito fili da ihu da fashe-fashe. Wanda mace ke fama da shi cikin shiru, ya zo ya tafi tare da watanta, shi ne ya fi daɗewa bai sami mai kula da shi ba.

Kafin zuwan ruwan madatsar Tiga, Kura ta yi suna ne da rini. Baƙin yadinta mai ƙyalli, wanda aka sani da ɗan Kura, har cikin Sahara Buzaye ke nemansa. Ƙauyukan da ke kewaye manoman damina ne, da 'yan lambuna a fadama da ake ba ruwa da jigo, kuma a cikinsu akwai gidajen Maguzawa da suka riƙe addinin gargajiya har cikin ƙarni na 20. A wannan tsohuwar rayuwa, idan mace ta soma kuka ba dalili, ko ta daina magana, ko jikinta ya riƙa mutuwa, abu na farko da ake kawowa a rai shi ne iskoki. Akan ce ta yi gamo, ko ta taka wani wuri da tsakar rana, ko ta zubar da ruwan zafi ba ta yi sallama ba. Idan ba iska ba, to sammu ne daga kishiya, ko maita, ko kambun baka.

Bori ya tanadi magani na musamman ga irin wannan mace, wato girka. Akan keɓe ta kwanaki a hannun wata babbar 'yar bori, ana yi mata kiɗan garaya ko goge, ana ba ta jiƙe-jiƙe da turare, har a gano iskan da ke kanta, Inna ce ko Sarkin Rafi ko Ɗan Galadima, a kuma shirya tsakaninsu. Ba korar iskan ake yi ba. Koya mata zama da shi ake yi. A. J. N. Tremearne ya rubuta littafi a kan bori a 1914, Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, Mary Smith kuma ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo a ƙasar Zazzau, wanda ya fito a 1954. Daga baya Murray Last ya yi shekaru yana nazarin cuta da magani a ƙasar Malumfashi. Abin da rubuce-rubucen nan suka nuna shi ne mata ne suka fi yawa a masu neman girka, kuma sau da yawa bayan rashin haihuwa, ɓari, mutuwar 'ya'ya ko zaman aure mai ɗaci. Ko mutum bai yarda da aƙidar bori ba, dole ya lura da abin da yake ba macen: hutu daga aiki, mutanen da suka kewaye ta, da hanyar faɗin damuwarta ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba, tunda ba ita ke magana ba.

Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 ya ɗauki bori a matsayin shirka, ya kuma yaƙe shi. Amma shugabannin jihadin sun san ba a raba mutane da magani sai an ba su wani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta littattafai a kan tibbu, 'yar'uwarsa Nana Asma'u kuma ta tattara ayoyi da addu'o'in neman waraka a littafinta Tabshirul Ikhwan a 1839, ta kuma kafa tsarin 'yan taru, inda jajis ke shiga ƙauyuka suna karantar da mata. Daga nan rubutun sha, tofi da laya suka zama maganin da ya fi kusa da hannu. Bori bai mutu ba, komawa gefe ya yi.

Wani abu da karatun addini ya kawo wa mata, wanda ba a cika lissafa shi cikin tarihin lafiya ba, shi ne ƙidayar kwanaki. Duk wadda ta karanta Ahalari, Iziyya ko Risala ta ci karo da babin haila. A mazhabar Malikiyya, wadda ta fara ganin jini za ta iya zama har kwana 15. Wadda ta riga ta saba, idan jinin ya zarce kwanakinta, sai ta ƙara kwana 3 matuƙar jimillar ba ta wuce 15 ba, abin da ya biyo baya kuma jinin ciwo ne, ta yi wanka ta ci gaba da salla. Mafi ƙarancin tsarki tsakanin haila biyu kwana 15 ne, jinin biƙi kuwa iyakarsa kwana 60. An koya mata duba alamar tsarki, ko bushewa ko farin ruwan nan da ke biyo baya, da lissafin azumin da za ta rama. Ke nan, tun ƙarni biyu da suka wuce, akwai matan ƙauye da ba su taɓa riƙe alƙalamin boko ba amma sun san zagayen watansu da yatsun hannu. Hadisai kuma sun zo da tausasawa: an ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya tarar da Nana A'isha tana kuka saboda haila ta zo mata a hanyar aikin Hajji, ya rarrashe ta, ya nuna mata abu ne da Allah ya ƙaddara wa mata duka.

Sai dai tambayar da fiƙihu ke amsawa ta ibada ce: yaushe za a bar salla, yaushe za a koma. Kwanakin da suka gabaci zuwan jinin kwanakin tsarki ne, ba su da hukunci na daban, don haka ba a buɗe musu babi ba. A cikin gida kuma kunya ta rufe zancen. Uwa ba ta cika yi wa 'yarta bayani baki da baki ba, musamman 'yar fari, sai dai gwaggo, yaya ko ƙawa. Ita kanta hailar da sakaye ake ambatonta, a ce tana fashin salla ko baƙonta ya zo. Ciwon mara an san shi, ana ba da jiƙon kanwa ko ruwan ɗumi a kai. Amma idan mace ta riƙa hasala, ko kuka, ko jin duniya ta yi mata zafi mako guda kafin jinin, ba a haɗa abin da watanta. Akan ce halinta ne, a kuma ba ta haƙuri, a tuna mata cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

Akwai kuma dalili na jiki da ya sa wannan matsala ba ta yi fice a da ba. Macen da aka aurar jim kaɗan bayan ta balaga, ta riƙa haihuwa a kai a kai, tana shayarwa kusan shekara biyu kafin yaye, ba ta cika ganin haila ba, domin ciki da shayarwa duk suna ɗauke ta. Beverly Strassmann, wadda ta bi matan ƙabilar Dogon a ƙasar Mali, ta ƙiyasta cewa macen da ke irin wannan rayuwa kan yi haila kusan sau 100 ne a duk tsawon ranta, alhali macen Amurka ta zamani kan yi kusan sau 400. Kakannin matan Kura da Bunkure sun fi kusa da adadin farko. Shi ya sa hikimar gargajiya ta zuba ƙarfinta a kan jego, domin nan ne mace ta fi yawan tsayawa a bakin haɗari.

Tsarin jego cikakke ne. A haihuwar fari mace kan tafi goyon ciki gidan iyayenta. Bayan ta sauka, ungozoma ko wata dattijuwa kan ɗora babbar tukunya a kan wuta safe da yamma, a tafasa ruwa, a tsoma damin ganyen runhu, darbejiya ko tsamiya, a riƙa fyaɗa mata a jiki har tururi ya turnuƙe banɗaki. Tana fitowa a miƙa mata kunun kanwa da zafinsa. Akan dafa mata ƙauri da yaji kafin suna, a wasu gidaje kuma ta kwanta a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Haka za a yi ta yi har arba'in, wani lokaci fiye. Manufar ita ce korar sanyi, wanda ake gani shi ne tushen kumburi da ciwon bayan haihuwa.

Wannan al'ada ta ba mai jego abin da likitocin ƙwaƙwalwa na yau ke ganin yana kare mace daga ciwon damuwa: an ɗauke mata girki da daka, ba a barin ta ita kaɗai, akwai mai karɓar jariri ta runtsa. Amma tana da nata lahani. A shekarun 1970, likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun bayyana ciwon gazawar zuciya da ke kama masu jego a yankin da yawan da ba a saba gani ba a duniya, kusan mace 1 cikin 100, suka kuma danganta shi da gishirin kanwa da tsananin zafin da ake gasa jiki da shi. Binciken da aka yi daga baya a Kano, ƙarƙashin Farfesa Kamilu Karaye, ya nuna akwai wasu dalilan, ciki har da talauci da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jini. Ta fuskar tunani kuwa, dokar kunya ta hana mai haihuwar fari nuna ɗoki a kan ɗanta. Don haka yarinyar da ta yi shiru, ba ta kallon jariri, ba ta cin abinci, tana iya samun yabo a kan kunya alhali ciwo ne ke cinta. Wadda ta rikice gaba ɗaya, ta daina barci, ta soma surutai, ita ce ake lura da ita, kuma nan take a ce ta yi gamo, tunda an yi imani jinin biƙi na jawo iskoki.

Turawan mulkin mallaka, da suka ci Kano a 1903, ba su zo da wani magani ga ko ɗaya daga cikin waɗannan mata ba. Dokar mahaukata ta 1916 dokar tsaro ce: ta ba hukuma ikon kulle wanda ake ganin zai yi ɓarna. A Kudu an buɗe gidajen ajiye masu taɓin hankali a Kalaba da Yaba. A Arewa kuwa galibi a gidajen yarin En'e ake ajiye su, wasu a cikin mari. Rahoton da likita Cunyngham Brown ya fitar a 1938 ya bayyana munin halin da suke ciki. Mafi yawan waɗanda ake tsarewa maza ne da ke yawo a kasuwa. Mace tana cikin gida, danginta na rufa mata asiri, ba ta shiga lissafin kowa ba. Wasu likitocin Turawa na wancan zamani har cewa suka yi ciwon damuwa bai cika kama baƙar fata ba, ra'ayin da ba shi da tushe face rashin tambayar masu ciwon da harshensu.

Sauyi ya fara ne daga Abekuta, inda Dokta Thomas Adeoye Lambo ya buɗe tsarin jinya na ƙauyen Aro a 1954, marar lafiya na zaune da ɗan'uwansa a gidan haya cikin ƙauye yana zuwa asibiti da rana. Arewa ta biyo baya a hankali. Sashen ƙwaƙwalwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kaduna ya fitar da rahoto a 1985, na Ifabumuyi da Akindele, a kan matan da aka kwantar da ciwon ƙwaƙwalwa bayan haihuwa. Waɗanda suka isa gadon asibiti su ne masu ciwo mai tsanani. A ƙididdigar duniya, rikicewar hankali bayan haihuwa kan sami mace 1 ko 2 ne cikin 1,000, alhali ciwon damuwar jego kan kama kusan 1 cikin 5 a ƙasashe masu tasowa, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta. A Kano akwai tsohon gidan masu taɓin hankali na Goron Dutse, sai asibitin Dawanau, sai sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Ga mutumin Bunkure, zuwa Dawanau na nufin ya hau titin Zariya, ya ratsa birni, ya fita ta hanyar Katsina, ga kuɗin mota na mutum uku, ga kuma sunan da zai bi 'yarsa da ƙannenta mata idan aka ji inda aka kai ta.

A daidai wannan lokaci ƙasar kanta tana juyewa. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka jawo ruwa ta manyan kwatoci zuwa Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, a tsarin da aka shata wa kimanin hekta 22,000 a kashin farko. Daga 1976 Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta karɓi ragamarsa. Alkama, tumatir, albasa, masara da shinkafa suka maye gurbin hutun rani. Masu bincike biyu, Tina Wallace da Cecile Jackson, sun zauna a garuruwan aikin a shekarun 1970, Jackson kuma ta mai da hankali kan mata, Musulmi da Maguzawa, littafinta ya fito a 1985. An raba filayen noman rani ne da sunan masu gida, amma aikin mata ya ƙaru. Na cikin kulle suka shiga casa, sheƙa, turara shinkafa da dafa abincin sayarwa ga leburori. Dattijai da zawarawa suka fita tsinkar tumatir da girbin alkama. Wata maƙala da aka buga a 1978 ta ba da labarin yadda matan da ke ƙwadago a gonar kayan lambu ta wani kamfanin Turai a yankin suka yi yajin aiki suna neman ƙarin lada.

Kuɗi ya shigo hannun mata da yawa, wannan kuwa alheri ne, domin mace mai sana'a ta fi samun bakin magana a kan lafiyarta. Amma rani da damina sun zama ɗaya wajen aiki, kwantaccen ruwa ya ƙara sauro da tsargiya, maganin feshi kuma ya shiga kusan kowane gida. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu halaka kansu a duniya da maganin ƙwari suke yi, galibi a yankunan noma, sau da yawa cikin ɓacin ran da da an jinkirta da ya wuce. An auna ruwan da ke bin kowace kwata, an lissafa buhun da hekta ke bayarwa, amma lafiyar tunanin matar da ke tsaye a bakin tukunyar turara shinkafa ba ta cikin abubuwan da masu tsara aikin suka sa a ma'auni.

A tsakiyar shekarun 1990 wani lamari ya girgiza Kano: ɗaruruwan ɗalibai mata a makarantun sakandare suka riƙa faɗuwa, suna ihu da rawa, aka danganta abin da wata aljana mai suna Sumbuƙa. Susan O'Brien da Conerly Casey sun yi rubutu a kansa. Daga lokacin ne ruƙiyya ta bunƙasa, cibiyoyin maganin Musulunci suka yawaita da habbatussauda, man zaitun da zuma, aka kuma soma jin kalmar jinnul ashiƙ a bakin kowa. Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, bori ya ƙara ɓuya. Ruƙiyya ta bambanta da girka ta wajen cewa korar aljanin take nema, amma masu zuwa kusan su ne dai: mata masu ciwon kai, faɗuwar gaba, munanan mafarkai, rikicewar al'ada da ƙin miji.

Hoto mafi kusa na tunanin mutanen wannan yanki ya fito ne daga Karfi, a ƙaramar hukumar Kura. A 2004 likitoci huɗu, Mohammed Kabir, Zubairu Iliyasu, Isa Abubakar da Muktar Aliyu, suka buga sakamakon tambayoyin da suka yi wa manya 250 a garin. Da aka tambaye su alamun taɓin hankali, abin da suka fi ambata shi ne faɗa da ɓarna, sai yawan surutu, sai baƙon hali, sai yawo. Game da sababi, kusan kashi 34 cikin 100 sun ce shaye-shaye, kusan 19 sun ce fushin Allah ko ƙaddararsa, 18 sun ce sihiri ko iskoki. Kusan kashi 46 sun zaɓi asibiti a matsayin wurin magani, 34 suka zaɓi maganin addu'a. Wannan ya rushe zaton cewa mutanen karkara ba su yarda da asibiti ba. Amma jerin alamun da suka bayar hoton mahaukacin kan titi ne. Matar da ke shara, tana girki, tana salla a kan lokaci, amma kowane wata sai ta yi kwana bakwai tana jin gara ta mutu, ba ta cikin wannan hoto.

Ita kanta kimiyyar likitanci ta daɗe kafin ta gan ta. A 1931 wani likitan mata a birnin New York, Robert Frank, ya bayyana ƙuncin da wasu mata ke shiga kafin haila. A 1953 Raymond Greene da Katharina Dalton a Ingila suka faɗaɗa bayanin, suka haɗa alamun jiki da na tunani. Da aka kafa hujja da ciwon wajen sassauta hukunci a wasu shari'o'in kisa a Ingila a 1980 da 1981, gardama ta ɓarke. Masu kare haƙƙin mata sun ji tsoron a mai da shi sandar dukan mata, a ce duk mai haila ba ta da cikakken hankali. Tsoron yana da hujja, shi ya sa Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ajiye ciwon a ƙarshen kundinta a matsayin abin da ke buƙatar ƙarin bincike a 1987 da 1994, sai a 2013 ta amince da shi cikakke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a kundinta na cututtuka da aka amince da shi a 2019, ya fara aiki a 2022.

Abin da ya warware gardamar shi ne rarrabewa. Mafi yawan mata kan ji wani sauyi kafin haila: nono ya yi nauyi, ciki ya kumbura, rai ya ɗan ɓaci. Wannan ba cuta ba ce. Kaɗan ne, tsakanin 2 zuwa 5 cikin 100, abin ke kai su ga matsanancin fushi, baƙin ciki, fargaba, rashin barci ko yawansa, kasa tattara hankali da yanke ƙauna, har ya ɓata musu aiki da zaman gida. Alamun kan fara mako ɗaya ko biyu kafin jini, su lafa kwanaki kaɗan bayan ya zo, su ɓace bayan ta yi wanka. Binciken Peter Schmidt da David Rubinow na 1998 ya nuna cewa sinadaran haihuwa a jinin waɗannan mata daidai suke da na kowa. Ƙwaƙwalwarsu ce ke jin hawa da saukar sinadaran fiye da kima. Shi ya sa ciwon ke ɗaukewa lokacin ciki da bayan daina haila, kuma shi ya sa gwajin jini ba ya nuna shi. Magungunan damuwa irin su fuloksetin, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga wannan ciwo a 2000, kan yi aiki cikin kwanaki, har likita na iya rubuta shi a sha a rabin wata na biyu kaɗai. Wasu ƙwayoyin tsarin iyali ma na taimakawa. Akwai kuma matan da dama suna da damuwa, farfaɗiya ko ciwon ɓarin kai, sai ya tsananta gabanin haila, kuma maganinsu daban ne.

A Najeriya, binciken Adewuya da abokan aikinsa a Ile-Ife a 2008 ya sami ciwon mai tsanani a kusan kashi 6 cikin 100 na ɗaliban jami'a mata 410. A Zariya, Sule, Umar da Madugu sun buga nazari a 2007 a kan alamun gabanin haila da ciwon mara a tsakanin mata Musulmi, a Kano kuma Lawan da abokan aikinsa sun yi nazarin ilimin haila da tsafta a tsakanin 'yan makaranta a 2010. Waɗannan sun isa su nuna cewa ba ciwon Turawa ba ne. Sai dai galibinsu a birni aka yi su, a kan masu karatun boko. Ga karkara kuwa lamarin ƙaruwa zai yi. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna macen Arewa maso Yamma kan haifi 'ya'ya 6.6 a matsakaici, amma yayin da 'yan mata ke daɗewa a makaranta, matan aure kuma ke ba da tazarar haihuwa, yawan hailar da mace za ta gani a rayuwarta na hawa, tare da duk abin da ke biyo ta.

A takarda an yi tanadi. Manufar ƙasa ta 1991 ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shiri a 2008 na koya wa ma'aikatan jinya da jami'an lafiyar al'umma gano ciwon damuwa da kula da shi. Bayan samamen da aka kai gidajen mari a Rigasa da Daura a 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar, kamar yadda ƙungiyarsu ta sha faɗa, ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200. Ba su ne za su fara ganin matar Kadawa ko Bunkure ba. Ma'aikaciyar awo ce, da malamar Islamiyya, da mai kemis, da mai ruƙiyya.

Hanyar da likitoci ke tabbatar da ciwon gabanin haila ba ta buƙatar na'ura. Mace za ta riƙa sa alama kullum, tsawon wata biyu a jere, a kan yadda ta wuni: fushi, kuka, barci, ƙarfin jiki, da ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke. Idan munanan ranakun sun taru gabanin jini, suka kuma watse bayansa a duka watannin biyu, an kama bakin zaren. Wannan ƙari ne kaɗan a kan lissafin da matan yankin suka gada daga babin haila, kuma malamar da ke karantar da Ahalari za ta iya koyar da shi a darasi guda, ko da da zane-zane ne ga wadda ba ta rubutu. Wadda takardarta ta nuna haka, ta kai ta asibiti mafi kusa ko babban asibitin Kura, ta nuna wa ma'aikacin lafiya, mijinta ma ya gani. Addu'a ba ta hana wannan ba. Amma macen da ta soma zancen halaka kanta, ko mai jegon da ta daina barci ta fara surutai ko ta ƙi jaririnta, ba a jira mata wata biyu: a kawar da maganin feshi daga inda hannunta zai kai, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar.